Makin da waya ta bayar, na wane ne? Koyarwa da gwaji ta intanet a firamaren Legas

Da misalin ƙarfe biyar na asuba ɗan kasuwar tumatir a Mile 12 ya riga ya fita, domin motocin kaya daga Arewa ba sa jiran kowa. Babbar wayar gidan tana aljihunsa, ba kuma za ta dawo ba sai bayan isha'i. Abin da ya rage a gida ƙaramar waya ce mai madannai a hannun uwargida, wadda ba ta buɗe WhatsApp balle fom na intanet. Da ƙarfe biyu na rana malamar aji huɗu ta tura aikin gida a zauren WhatsApp na iyaye: tambaya goma, a amsa kafin takwas na dare. Yaron gidan ya tashi daga boko ya wuce Islamiyya, bayan magariba ya zauna gaban allonsa. Kafin wayar ta iso hannunsa fom ya rufe, ko kuma caji ya kusa ƙarewa, sai yayansa da ke sakandare ya karɓa ya danna amsoshin cikin minti biyu. Washegari jadawalin malama zai nuna sifili ko goma bisa goma, kuma ko wanne ya fito bai gaya mata komai a kan abin da yaron ya sani ba.

Wannan ita ce matsalar da duk mai makaranta a Agege, Idi-Araba, Alaba Rago ko Obalende ya kamata ya fara dubawa kafin ya kashe ko sisi a kan na'ura. Amfanin waya da kwamfuta a firamare yana wuri ɗaya ne mai girma: su rage tazarar da ke tsakanin lokacin da yaro ya yi kuskure da lokacin da malami ya gane kuskuren. Malamin da ke da yara sittin, idan ya karɓi littattafai ranar Litinin, da ƙyar ya gama makin su kafin Alhamis, alhali ya wuce darasi uku a kan tubalin da bai zauna ba. Na'urar da ta mayar da kwana ukun nan minti biyar ta biya kuɗinta. Amma maki yana da amfani ne idan an tabbatar hannun wa ya amsa, kuma da wane harshe aka yi masa tambayar. Shi ya sa ra'ayinmu shi ne na'urar ta fara zama a hannun malami, a cikin aji, a gaban idonsa.

Gwamnatin Legas kanta ta wannan hanya ta bi. Shirin EKOEXCEL da aka ƙaddamar a 2019 a zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu, ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tare da kamfanin NewGlobe, malamai ya raba wa kwamfutar hannu a firamaren gwamnati, waɗanda yawansu ya haura dubu. Darasin kowace rana yana zuwa a rubuce mataki-mataki, ana kuma tattara bayanan halartar malamai da ta yara da makinsu. Yara suna nan da littafi da fensir. Tsarin yana taimaka wa malamin da bai ƙware ba, yana kuma nuna ajin da aka bari babu darasi. Inda yake bukatar hankalin malami shi ne saurinsa: rubutaccen darasi ba ya ganin yarinyar da aka kawo daga Sakkwato watan jiya, wadda ba ta da Turanci, ba ta da Yarbanci, tana zaune shiru a bencin baya. Sannan ɗimbin 'ya'yan Hausawa a Legas suna ƙananan makarantun kuɗi ne da Islamiyyu masu haɗa boko, waɗanda shirin bai shafe su ba. Su ne za su tsara nasu da abin da ke aljihunsu. Kada kuma su ɗauka tulin na'urori shi ne ci gaba: ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, binciken da aka yi daga baya bai ga ƙaruwa a karatu ko lissafi ba.

Aikin farko ƙidaya ce, a takarda, a makon farko na zango. A tambayi kowane gida abu huɗu: akwai babbar waya, a hannun wa take wuni, ƙarfe nawa take dawowa gida, kuma wa ke iya karanta saƙon Turanci. Amsar da za a fi ji ita ce, "Malam, ai wayar tana wurin babansu." Idan ko da kashi ɗaya cikin biyar na ajin ba su da waya da rana, aikin gida na intanet ba zai shiga makin zango ba. A bar shi ya zama atisaye ga mai hali, a buɗe shi daga Juma'a zuwa Lahadi maimakon sa'o'i shida. Ga iyaye kuwa saƙon murya da Hausa na minti ɗaya ya fi doguwar sanarwa a rubuce, bai kuma kai rabin megabait ba, alhali bidiyon sa'a guda, ko da an rage masa haske, yana cin ɗaruruwan megabait. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin da magidanci ke lissafawa.

A cikin aji, waya ɗaya tana isa a gwada kowa. Manhajar Plickers ta ginu ne a kan haka. Ana buga wa kowane yaro kati mai zanen murabba'i baƙi, kowane kati da lambarsa, kowane gefe na huɗun yana wakiltar amsa ɗaya. Malami ya rubuta tambaya a allo, yara su juya gefen da suka zaɓa sama su ɗaga, shi kuma ya zagaya da kyamarar wayarsa a kansu. Nan take zai ga wa ya zaɓi me. Haruffan da ke gefen katin ƙanana ne, don haka na kusa ba ya iya leƙe. Katunan suna kaiwa 63, sun ishi yawancin azuzuwa. Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne: leda mai ƙyalli da aka lulluɓe katin da ita tana mayar da haske kyamara ta kasa karantawa, yatsan yaro yana rufe zanen, ajin da tagarsa ɗaya yakan yi duhu idan hadari ya haɗo. A buga a takarda mai kauri marar ƙyalli, a manna a bayan littafin kowane yaro don kada su yi musaya, malami kuma ya tsaya tagar tana bayansa. Wayar tana bukatar data, amma kaɗan. Inda sabis ba ya kamawa, ZipGrade yana yin makin takardar cike-da'ira da kyamara ba tare da intanet ba, muddin an buga takardar ba a yanke baƙaƙen alamomin kusurwoyinta ba, yaro kuma ya cike da'irar da kyau da fensir.

Amma kayan aikin ba su ne ke gano ciwon ba, tambayar ce. Nan ne malamai da yawa ke asarar amfanin na'urar, domin sukan sa amsa ɗaya daidai sannan su cike sauran ukun da duk lambar da ta zo musu. A ɗauki 62 a cire 28. Amsa 34 ce. Sauran zaɓin su zama 46, 44 da 90, kuma kowanne da dalilinsa. Yaron da ya zaɓi 46 ya ga ba a cire takwas daga biyu, sai ya juya ya cire biyu daga takwas: bai fahimci aro ba ko kaɗan. Wanda ya zaɓi 44 ya yi aron, ya sami sha biyu ya cire takwas, amma ya manta ya rage shidan zuwa biyar: wannan ya kusa, tunatarwa kawai yake so. Wanda ya zaɓi 90 tarawa ya yi, ko dai bai kula da alamar ba ko bai ji umarnin ba. Tambaya ɗaya ta raba ajin gida huɗu, kowane gida da maganinsa. Masu 46 a zaunar da su da ɗaurin tsinke goma-goma su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu, masu 44 a ba su misali biyar su riƙa soke lambar da aka ara a wurinta. Idan rabin aji suka faɗa kan amsa ɗaya marar kyau, darasin jiya ne ke da gyara, sai a maimaita shi ta wata hanya kafin a ci gaba. Tambaya uku irin wannan a ƙarshen darasi sun fi ashirin da aka kwafo daga intanet.

Sai batun harshe, wanda ya fi komai nauyi ga ɗan Bahaushe a Legas. Yaron nan yana jin Hausa a gida, Yarbanci da burokin a layi, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji, kuma tun dokar jiha ta 2018 Yarbanci darasi ne na dole a makarantun Legas. Yawancin manhajojin gwaji da Turanci suke, kuma na'ura ba ta bambanta wanda bai iya lissafi ba da wanda bai gane jimlar ba. Misali ɗaya ya isa: kalmar da Turanci ke amfani da ita a ce "saura nawa" ita ce "left", kuma ita ce dai ke nufin "hagu". Yaron da ke taya mahaifinsa ba da canji a shago, wanda ke cire ɗari uku da hamsin daga dubu a ka ba tare da ya tsaya ba, yana iya faɗuwa wannan tambaya a rubuce. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A sa lissafi iri ɗaya sau biyu a gwaji guda, na farko lambobi zalla, na biyu a cikin labari. Wanda ya ci na farko ya faɗi na biyu, Turanci yake bukata, kuma ƙara masa darasin lissafi ɓata lokacinsa ne. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, malami ya karanta tambayar da baki, ya faɗe ta da Hausa in akwai bukata, sannan a ɗaga kati. Haka kuma wasannin gwaji irin Kahoot, da ke ƙara maki ga wanda ya riga dannawa, suna da daɗi suna kuma tayar da aji, amma yaron da ke fassara tambayar a zuciyarsa kafin ya amsa kullum a baya zai fito. A yi su don nishaɗi da bita, kada makinsu ya shiga rajista.

Google Forms shi ne abin da malamai suka fi ɗauka saboda kyauta ne, yana kuma zuba sakamako kai tsaye a jadawali. Tarkunansa ƙanana ne amma suna cinye maki. Idan tambaya ta gajeriyar amsa ce, fom yana kwatanta abin da yaro ya rubuta da abin da malami ya sa, harafi da harafi. Malami ya sa 1500, yaro ya rubuta 1,500 ko ya ƙara alamar naira, sai a ba shi sifili. A darasin Hausa, wanda wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa zai rubuta "kasa" a madadin "ƙasa", fom ya ce ya faɗi. Gyaran shi ne a shigar da duk siffofin amsar da za a karɓa, a takaita gurbin lissafi ya karɓi lamba kaɗai, a saka madannan Hausa na Gboard a na'urorin makaranta, sannan a zaɓi kada maki ya fita sai malami ya duba da idonsa. Akwai kuma zaɓin nan na amsa sau ɗaya kacal. Yana tilasta shiga da asusun Google, alhali ƙa'idar buɗe asusu na kai ita ce shekara 13, don haka 'yan firamare da asusun mahaifi za su shiga. Gidan da ke da tagwaye, ko 'ya'yan 'yan'uwa biyu a aji ɗaya, na farko yana amsawa ƙofa ta rufe wa na biyu. A kashe wannan zaɓi, a sa jerin lambobin rajista yaro ya zaɓi tasa.

Karatu kuwa kunne yake so. Babu fom ɗin da zai gaya maka yaro yana karantawa ko yana cankar amsa daga hoto. Gwajin da ya fi bayar da gaskiya shi ne na minti ɗaya: yaro ya karanta gajeren labari da babbar murya, malami yana riƙe da kwafi yana soke kalmar da aka kuskure, waya tana ƙirga lokaci, a ƙarshe a rubuta kalmomi nawa ya karanta daidai. Da kira da zama da rubutawa, kowane yaro yana cin minti uku. Aji mai yara sittin minti 180 ke nan, wato yara sha biyu kullum na kwana biyar, sau ɗaya a farkon zango sau ɗaya a ƙarshe. Wanda bai kai ga labari ba a sauko da shi mataki-mataki, kamar yadda tsarin koyarwa daidai da matakin yaro na ƙungiyar Pratham ta Indiya ya shimfiɗa: labari, sakin layi, kalma, harafi, sai wanda bai fara ba. Aikin na'ura a nan shi ne adana matakin kowa a jadawali, ta yadda malamin aji na gaba zai gaji bayanin. Manhajoji masu sauraron karatu, irin Read Along na Google, suna da kyau wajen atisaye kuma suna aiki babu intanet bayan an sauke labaran, sai dai hayaniyar aji da lafazin yaron da ke haɗa sautin "p" da "f" suna iya ruɗa su. Taurarin da suke bayarwa ƙarfafa gwiwa ne ga yaro, kada a mayar da su maki.

Makarantar da ta kai ga sayen na'urorin yara ta yi lissafi tukuna. Kwamfutar hannu goma ga yara sittin na nufin rukuni shida. A darasin minti 35 rukuni biyu ne kawai za su taɓa ta yadda ya kamata, sauran kuma dole a tanadar musu aikin littafi, in ba haka ba ajin zai koma kallon masu na'ura. Ƙaramar na'urar raba intanet ta aljihu takan ɗauki na'urori goma ne, kuma idan goman suka buɗe bidiyo lokaci guda komai sai ya tsaya. Mafita ita ce a sauke darussa sau ɗaya. Manhajar Kolibri kyauta ce, ana saka ta a tsohuwar kwamfutar cinya, a haɗa da na'urar raba sabis ta cikin gida, yara su buɗe darasi da gwaji ba tare da data ba, malami yana ganin inda kowa ya tsaya. Nigeria Learning Passport, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, yana da darussa bisa manhajar karatun ƙasa, har da na Hausa, abin da ke da wuyar samu a wani wuri. In za a sayi na hannu a Computer Village da ke Ikeja, a gwada batirin a wurin da bidiyo na minti goma a ga kashi nawa ya sauka, a duba bakin caji ba ya rawa, a tabbatar tsarin wayar bai tsufa har manhajar ta ƙi sauka ba. Gilashin kariya da riga mai kauri suna cikin kuɗin saye tun farko. A yi caji da rana lokacin da akwai wuta ko sola, a rubuta lamba a bayan kowace na'ura, a ajiye su a akwatin ƙarfe mai makulli a saman kanta, domin a unguwannin da ruwa ke shiga gidaje a watan Yuni da Yuli abin da aka bari a ƙasa ya tafi.

Akwai haƙƙin yara da ake takawa ba da niyya ba. Tura sakamakon aji gaba ɗaya, da suna da maki, a zauren WhatsApp na iyaye yana kunyata yaron da ke ƙasa a gaban maƙwabta da abokan kasuwar mahaifinsa, kuma uban da ya ji kunya yakan huce a kan yaron ko ya cire shi. Kowane gida a tura masa nasa shi kaɗai. Hotunan yara, musamman mata, kada su hau Facebook don tallar makaranta sai da yardar iyaye a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shardanta izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Sannan duk fom da jadawali a buɗe su da asusun makaranta. Malamin da ya yi komai da asusunsa, ranar da ya sami wani aiki ya tafi, makin zango uku ya bi shi.

Tafiye-tafiye ma suna cikin lissafi. Iyalai da yawa sukan tafi gida babbar Sallah su ƙara mako biyu ko uku, wasu yaran a bar su can wurin kakanni zango guda. Takarda ɗaya da aka buga daga jadawalin, mai nuna matakin karatun yaro da abin da ya iya a lissafi, ta fi katin sakamako mai cewa ya zo na sha bakwai amfani ga malamin da zai karɓe shi a Kano ko Gusau. Idan ya dawo, gwajin minti uku zai nuna inda za a ɗora.

Iyaye sukan tambaya ko yaro ba zai makara ba, tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma ba ta da tsada: 'yan aji biyar da shida su sami zama biyu ko uku kowane zango a gaban kwamfuta ta gaske, su koyi riƙe linzamin kwamfuta, komawa tambayar baya, da duba lokaci kafin su miƙa. Sauran jarrabawar ta ci gaba da alƙalami, domin yaron da ke danna zaɓi kullum ba ya koyon gina jimla, kuma malami ba ya ganin hanyar da ya bi ya isa ga amsa.

A makarantun da ke raba maki 40 na aikin zango da 60 na jarrabawa, abin da ya dace ya shiga arba'in ɗin nan shi ne gwajin da aka yi a aji malami yana kallo, da karatun baki, da aikin littafi. Sauran bayanan da waya ke tarawa na malami ne, don ya tsara darasi. Hedimasta ya ware minti talatin ranar Juma'a da safe, kafin a tashi masallaci, kowane malami ya buɗe jadawalinsa ya fitar da sunaye: waɗanda ba su gane aro ba, waɗanda Turanci ya tsayar, waɗanda suka yi fashin kwana uku. A rubuta su a takarda a manna a cikin rajista, Litinin da safe a fara da su.